Yini guda a kan keke a gaɓar tekun Holan: Yadda iska ke maye gurbin tsauni

Duk wanda ya dubi taswirar yammacin ƙasar Holan, ya ga babu dutse babu tsauni, zai ɗauka cewa ba inda ya kai nan daɗin tuƙa keke a duniya. Ƙasar shimfiɗe take kamar faifai, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu nata yana ƙasa da matakin ruwan teku. Sai dai waɗanda suka taɓa ɗaure kaya a bayan keke suka bi gaɓar Tekun Arewa daga safe zuwa dare sun san abin da taswira ba ta nunawa. A wannan gaɓa iska ce ke yanke hukunci, ita ce ke mayar da hanya gangare ko hawa, kuma wanda ya fita shi kaɗai ba shi da wanda zai laɓe a bayansa.

Wannan bayani zai bi irin wannan matafiyi na tsawon yini guda, daga garin Hoek van Holland da ke kudu zuwa Den Helder da ke arewa. Tazarar ta kai kilomita 140 da ɗoriya, wato kusan nisan Zariya zuwa Kano.

Wace hanya ce wannan?

Hoek van Holland yana bakin mashigar da manyan jiragen ruwa ke bi zuwa tashar Rotterdam, wadda ta fi kowace tasha girma a Turai. A nan ne kuma jirgin fasinja da ke kwana a teku daga garin Harwich na Ingila ke tsayawa da safe, shi ya sa masu yawon keke da yawa ke fara tafiyarsu daga wurin.

Hanyar wani yanki ne na doguwar hanyar keke da ta bi dukan gaɓar Holan, mai tsawon kimanin kilomita 600. Ita kuma wannan reshe ce ta hanyar da ta kewaye Tekun Arewa, wadda ta ratsa Birtaniya, Beljiyam, Holan, Jamus, Denmak, Suwidin da Nowe. An buɗe ta a shekarar 2001 da tsawon kusan kilomita 6,000, kuma a 2003 kundin bajinta na Guinness ya sanya ta a matsayin hanyar keke mafi tsawo a duniya da aka kafa wa alamomi.

Matafiyi ba ya bukatar ɗan jagora. An ba mahaɗun hanyoyin keke lambobi, kuma a kowace mahaɗa akwai allo mai taswira da kibiyoyi masu nuna lambar da ke gaba. Mutum kan rubuta jerin lambobinsa a takarda, ya liƙa a kan keke, ya riƙa binsu ɗaya bayan ɗaya. Wani injiniyan haƙar ma'adinai mai suna Hugo Bollen ne ya ƙirƙiro wannan dabara a lardin Limburg na Beljiyam, aka fara aiki da ita a 1995, daga baya ta bazu a Holan baki ɗaya.

Shiri tun daren jiya

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Abu na farko da matafiyi ke dubawa tun da dare shi ne hasashen yanayi, musamman inda iska za ta fito da kuma ƙarfinta. A mafi yawan ranakun shekara iskar Holan daga kudu maso yamma take busowa, saboda haka masu sanin hanya sukan tashi daga kudu su nufi arewa, domin ta kasance a bayansu. Amma ba kullum ake kwana a gado ba: wata rana takan juya ta fito daga arewa, sai tafiyar ta koma wani abu dabam.

Lissafin lokaci ma a nan ake yinsa. Mai keke da kaya, idan yana cin kilomita 17 zuwa 18 a awa, zai yi kimanin awa takwas yana taka feda kafin ya gama kilomita 140. In aka haɗa da hutu da cin abinci, awa 10 ke nan zuwa 11. Idan kuwa iska ta tare shi ya koma kilomita 12 a awa, taka feda kaɗai zai ci kusan awa 12. Wannan ne ya sa ake yin irin wannan tafiya a tsakiyar shekara. A watan Yuni rana kan fito da misalin ƙarfe biyar da minti ashirin na asuba, ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare. A watan Disamba kuwa hasken rana ba ya cika awa takwas.

Kayan tafiya ba su da yawa, amma kowanne da ranarsa: famfo, kayan faci da gam, ƙaramin sifana, goran ruwa biyu, rigar ruwa, da abinci. Doka ta wajabta fitila fara ko rawaya a gaba da ja a baya idan duhu ya yi, kuma tun watan Yulin 2019 an haramta riƙe waya a hannu ana tuƙa keke.

Da safe: tsakanin tuddan yashi

Daga fita Hoek van Holland hanya kan shiga tsakanin tuddan yashi masu ciyawa. Abin da kan ba baƙo mamaki shi ne, sau da yawa ba ya ganin teku, sai dai ya ji rurinsa a hannun hagu, domin tuddan sun tsaya tsakaninsa da ruwa. Waɗannan tuddai su ne garkuwar ƙasar. A bayansu akwai birane da gonaki waɗanda teku zai iya malalewa in babu su.

Ba da nisa ba, kusa da ƙauyen Ter Heijde, akwai wani tsibirin yashi da ya manne da gaɓa, wanda mutane ne suka zuba shi. A shekarar 2011 aka yaso yashi kubik mita miliyan 21 da rabi daga ƙarƙashin teku aka jibge a wuri ɗaya, aka bar iska da igiyar ruwa su riƙa rarraba shi a gaɓar sannu a hankali. Idan aka ƙaddara tifa ɗaya na ɗaukar kubik mita 10, yashin ya haura lodin tifa miliyan biyu.

Bayan kimanin kilomita 20 sai a iso Scheveningen, unguwar bakin teku ta birnin Hague, birnin da Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya take. Ginin kotun ma a gefen waɗannan tuddai yake. Daga nan sai garuruwan Katwijk da Noordwijk, inda a watan Afrilu gonakin furanni da ke bayan tuddai kan yi ja da rawaya iya ganin ido. Jefi-jefi kuma matafiyi zai ga wasu gine-ginen kankare da yashi ya kusa binnewa. Ramukan tsaro ne da sojojin Jamus suka gina a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A waɗannan sa'o'i na farko jiki na da ƙarfi, kuma nan ne kuskure ya fi aukuwa. Wanda ya ji daɗin sanyin safiya ya saki gudu, zai biya bashin da la'asar. Tafiya sannu sannu kwana nesa.

Me ya sa iska ke da wannan ƙarfi?

Da zarar gudun keke ya wuce kilomita 15 zuwa 20 a awa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, yawancin ƙarfin mai tuƙi wajen keta iska yake tafiya. Ƙa'idar kimiyya a nan ita ce, idan saurin iskar da ke bugun mutum ya ninka biyu, turjiyarta ninki huɗu take yi.

Ga misali. Mutum yana tafiyar kilomita 20 a awa, ba iska. Sai iska mai gudun kilomita 20 a awa ta taso daga gabansa. Yanzu iskar da ke dukan ƙirjinsa ta zama mai gudun kilomita 40, don haka in yana son ya riƙe saurinsa na farko, ƙarfin da yake kashewa wajen keta iska zai ninka huɗu. Jakunkunan da ya rataya a gefen keke kuma suna ƙara faɗin abin da iska ke kamawa.

Wani zai ce ai abin da iska ta ƙwace a zuwa za ta mayar a dawowa. Lissafi bai yarda da haka ba. Wanda ya yi kilomita 20 da gudun 10 a awa ya ci awa biyu. In ya juyo iska ta tura shi da gudun 30 a awa, zai ci minti 40. Jimilla awa biyu da minti 40 ke nan, alhali da babu iska, da gudun 20 a awa, awa biyu cif zai yi zuwa da dawowa.

Tsauni yana da ƙololuwa da ido ke gani, kuma bayan hawa akwai gangare da ƙafa za ta huta. Iskar gaba kuwa ba ta da ƙarshen da ake hangowa. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke yana fuskantar iskar hunturu a fili ya ɗanɗani kaɗan daga wannan.

A nan ne kaɗaici ke da tsada. Masu tseren keke kan jeru ɗaya bayan ɗaya, na gaba yana fasa iska, na baya yana samun sauƙin da ya kai kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfinsa, suna karɓa-karɓa. Mai tafiya shi kaɗai shi ne na gaba tun safe har dare. Dabarunsa uku ne: ya sunkuyar da jiki, ya saka giya mai sauƙi ya riƙa juya ƙafa da sauri ba tare da dannawa da ƙarfi ba, sannan ya daina kallon agogo.

Mutanen Holan sun mayar da wannan wahala abin wasa. Tun 2013 suke shirya gasar tuƙa keke a fuskanci iska, a kan madatsar Oosterschelde da ke kudu maso yammacin ƙasar, tazarar kilomita takwas da rabi, da kekuna marasa giya. Ba a kiran gasar sai an yi hasashen guguwa. A watan Nuwamban 2023 sai da aka soke ta, saboda iskar ta wuce yadda ake so.

Da rana tsaka: ciki da ƙishirwa

Wajen kilomita 60 akwai garin Zandvoort, wanda ya yi suna da filin tseren motoci. Gaba kaɗan hanya kan yanke a mashigin ruwan da aka haƙa aka buɗe a 1876 domin haɗa Amstadam da teku. A bakinsa, a garin IJmuiden, akwai ƙofar jiragen ruwa da aka buɗe a 2022, mai tsawon mita 500 da faɗin mita 70. Mai keke kan shiga jirgin fito a Velsen ya haye cikin 'yan mintuna, yana hangen hayaƙin babbar masana'antar ƙarfe a ƙetare. Nan ne kusan rabin tafiya.

A wannan lokaci batun ciki ya zama babba. Jikin ɗan Adam yana ajiye sukari a tsoka da hanta, amma ajiyar ba ta wuce ta awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki mai ƙarfi ba. Idan ta ƙare ba a mayar ba, sai mutum ya ji ƙafafu sun mutu farat ɗaya, jiri ya kama shi, hannu ya yi rawa, tunani ya dagule. Masu ilimin abincin 'yan wasa suna ba da shawarar cin giram 30 zuwa 60 na abinci mai sitaci ko sukari a kowace awa. Ayaba ɗaya matsakaiciya tana da kimanin giram 25. Dabino, burodi da gyaɗa duk suna aiki. Ƙa'idar masu doguwar tafiya ita ce a ci kafin yunwa, a sha kafin ƙishirwa.

Ruwa ma yana da tarko a bakin teku. Iska mai sanyi tana busar da gumi nan take, sai mutum ya zaci ba ya zufa, alhali ruwa da gishirin jikinsa suna zuba. Kimanin rabin lita a awa shi ne abin da aka saba sha, a ƙara idan akwai zafi. Ruwan famfon ƙasar ana shansa kai tsaye, kuma wani ɓangare nasa daga waɗannan tuddai yake fitowa: tun 1853 birnin Amstadam ke samun ruwan sha daga tuddan da ke kudu da Zandvoort, inda yashi ke tace shi. Haka nan rana na ƙona fata ko da ba a ji zafinta ba, domin yashi da ruwa suna mayar da haskenta.

Da la'asar: inda haƙuri ke aiki

Bayan kilomita 100, wajen garuruwan Egmond da Bergen, ciwon ba ya tsayawa a cinya. A ƙasa mai hawa da sauka mai keke kan miƙe tsaye a kan feda, ya zauna, ya saki ƙafa a gangare. A shimfiɗaɗɗiyar hanya zama ɗaya yake yi. Wanda ke juya feda sau 70 a minti, cikin awa takwas ya juya ta fiye da sau 33,000, duk a yanayi guda. Sai mazaunai su yi tsami a kan sirdi, tafin hannu ya yi sanyi, wuya ya ƙage, gwiwa ta fara ƙorafi, musamman idan sirdin ya yi ƙasa da yawa. Maganin shi ne sauya riƙon hannu a kai a kai, miƙewa tsaye na ɗan lokaci ko da babu hawa, da sauka a taka ƙasa duk bayan awa ɗaya ko biyu.

A ranakun zafi kuma, da yamma iska kan taso daga teku zuwa tudu, domin ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi. Wannan iska ta gefe takan ture keke mai kaya, sai an riƙe shi da kyau.

Sai kuma zuciya. Babu abokin hira, babu mai cewa saura kaɗan. Masu gogewa ba sa tunanin kilomita 40 da suka rage, sai dai su sa wa kansu lamba ta gaba, in sun kai su sa wata. Idan taya ta yi faci a tsakiyar tuddai, babu mai faci a gindin bishiya. Mutum ne zai kwance, ya nemo huda, ya liƙe, ya buga iska. Shi ya sa ake so matafiyi ya sanar da wani hanyar da zai bi da lokacin da yake sa ran isa, ya kuma ajiye caji a wayarsa. Lambar neman agajin gaggawa a Holan, kamar sauran ƙasashen Tarayyar Turai, ita ce 112.

A Schoorl ne tuddai mafi tsawo na gaɓar suke, amma ko mafi tsawonsu bai wuce mita 55 ba. Daga nan sai su yanke kwatsam. Tsakanin Camperduin da Petten teku ya cinye tuddan tun ƙarnuka da suka wuce. Ambaliyar 1421 ta shafe ƙauyen Petten. An gina ganuwa mai tsawon kilomita biyar da rabi a wurin, kuma a tsakanin 2014 da 2015 aka zuba yashi kimanin kubik mita miliyan 35 a gabanta, aka samar da sabbin tuddai da hanyar keke a kansu. A nan matafiyi kan ga teku a hagu, ya ga gonaki da shanu a dama, a ƙasa da shi. Wannan gani kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa ƙasar ba ta wasa da gaɓarta, musamman tun bayan ambaliyar daren 31 ga Janairun 1953 da ta kashe mutum 1,836 a kudu maso yammacinta.

Me ya sa mutum ɗaya ke iya wannan tafiya cikin natsuwa?

A mafi yawan wannan tazara mai keke ba ya haɗa hanya da mota. Holan tana da hanyoyin keke na musamman kimanin kilomita 35,000, da kekuna kusan miliyan 23 ga al'ummar da ke kusan miliyan 18, kuma fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na zirga-zirgar jama'a a kan keke ake yi.

Ba haka abin yake ba a da. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu motoci sun cika titunan ƙasar, har a shekarar 1971 haɗurran hanya suka kashe mutum sama da 3,000, fiye da 400 daga cikinsu yara. Iyaye suka fito zanga-zanga suna neman a daina kashe musu 'ya'ya. Sai ga matsalar man fetur ta 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana Holan mai, gwamnati ta hana tuƙa mota a wasu ranakun Lahadi. Daga waɗannan abubuwa biyu ne hukumomi suka fara ware wa keke hanyarsa, aikin da aka shafe shekaru ana yi.

Duk da haka haɗari bai ƙare ba. A 'yan shekarun nan masu keke ne suka fi yawa cikin waɗanda ke mutuwa a hanyoyin ƙasar, da yawansu tsofaffi, kuma doka ba ta tilasta sanya hular kwano ba. A hanyar gaɓa abin da aka fi yi wa tsoro shi ne yashin da iska ke watsawa a kan kwalta, wanda kan sa taya ta zame a kwana, da kuma gajiyar ƙarshen yini da ke rage hankali.

Da magariba

Bayan Callantsoog, kilomita 15 zuwa 20 na ƙarshe sukan fi dukan sauran tsawo a zuciyar matafiyi. Alamar isowa ita ce wata doguwar jar hasumiya ta ƙarfe da ke haska wa jiragen ruwa hanya, wadda aka kunna fitilarta tun 1878. Daga gindinta sai hanya ta hau ganuwar teku ta karkata gabas zuwa Den Helder, garin da babban sansanin sojojin ruwan ƙasar yake. A ƙetaren ruwa ana hangen tsibirin Texel, tafiyar minti 20 a jirgin fito.

Wanda ya iso yana da zaɓi. Zai iya saka kekensa a jirgin ƙasa, bayan ya saya masa tikiti, ya isa Amstadam cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Zai iya kafa tanti a sansanin matafiya, ko ya kwana a gidan ɗaya daga dubban mutanen da suka yi rajista da wata ƙungiya mai ba masu keke masauki da karin kumallo a kan kuɗi kaɗan.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 3 ga Yuni ta kowace shekara a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun 2018, tana mai nuni da arahar keke da amfaninsa ga lafiya da muhalli. Hanyar Hoek van Holland zuwa Den Helder ta nuna abin da ake bukata kafin wannan amfani ya tabbata. Daga matafiyi, ya san iska, ya ci ya sha a kan lokaci, ya yi haƙuri da jikinsa. Daga hukuma kuma, ta ba shi hanyar da zai bi ya kai inda za shi ba tare da fargabar motar da ke bayansa ba. Kafin ya kwanta, abin da matafiyin zai sake dubawa shi ne inda iskar gobe za ta fito.